Me Kake Aunawa da Me? Nasiha Kan Kwatance a Rubutun Turanci

Ƙannena na Mahuta da maƙwabtanta, Unguwar Boro da Kamazou da Sabon Tasha, maganar da na kawo muku ƙarama ce a ido, amma tana cin maki a ɗakin jarrabawa, tana kuma rage wa takardar neman aiki kwarjini tun mai karatu bai kai layi na biyar ba. Maganar kwatance ce, wato yadda za ka ce wannan ya fi wancan, ko ya kai shi, ko bai kai shi ba, idan kana rubutu da Turancin makaranta da na ofis.

Yawancinku da harshe uku ko huɗu kuka tashi. A gida akwai na iyaye, Gbagyi ne ko Jju ko Tyap ko Adara ko Ibo ko Yarbanci. A kasuwa da cikin Keke Napep Hausa ke aiki. A filin ƙwallo da shagon aski buroka ake zubawa. Ranar Litinin kuma malami ya shigo aji ya ce a rubuta insha'i da Turancin Ingila. Yaron da ke juya harshe huɗu kafin azahar ba daƙiƙi ba ne, kuma kada kowa ya sa ku ji kunyar wannan baiwa. Sai dai a kan kwatance harsunanmu na gida da na titi sun haɗa baki, Turanci kuma ya ware ya bi tasa hanyar. Daga nan tuntuɓen yake farawa.

Hausa da aikatau take kwatance. Muna cewa "Audu ya fi Bala tsawo." Kalmar "fi" ce ta ɗauki kayan duka, "tsawo" tana zaune yadda take ba ta motsa ba. Buroka ma haka take yi da "pass", shi ya sa ƙaramin janareton nan da ke kuka a bayan gidaje idan an ɗauke wuta ake ce masa "I pass my neighbour". Yarbanci yana da "ju", Ibo yana da "karịa", duk aikinsu ɗaya. Turanci kuwa ya raba aikin gida biyu. Da farko sifar ce ke sauya kama, "tall" ta koma "taller", "expensive" ta koma "more expensive", sannan "than" ta zo ta gabatar da wanda ake gwadawa da shi. Ɗalibi yakan ɗauka "than" ita ce "fi", sai ya rubuta "He is tall than his brother" ko "She has money than her husband". A kunnenmu jimlar ta cika. A Turanci ba ta faɗi komai ba tukuna, domin "than" ita kaɗai ba ta da ƙarfin fifita kowa a kan kowa. Fifikon yana cikin "taller", yana cikin "more money". Idan babu su, "than" ba ta da abin da za ta jingina da shi.

Da malami ya ja kunne a kan haka, sai wasu su wuce gona da iri. Kowace sifa a manna mata "more", ko da ta riga ta ɗauki wutsiyar "-er": "more better", "more easier", "the most cheapest". Garin neman gira a rasa ido ke nan. Abin dariya, wannan ninki ba ku kuka ƙirƙiro shi ba. Shakespeare da kansa ya yi shi, har a cikin wasan Julius Caesar da iyayenku da yawa suka karanta a sakandare, kuma a zamaninsa ba wanda ya ce masa kanzil. Sai a ƙarni na 18 malaman nahawu suka taso wa abin, cikinsu har da Robert Lowth a littafinsa na nahawu na 1762, suka ce alamar fifiko ɗaya ta wadatar. Hukuncinsu ne ke aiki har yau, kuma mai duba takardar WAEC ba zai karɓi Shakespeare a matsayin lauyanka ba.

Zaɓi tsakanin "-er" da "more" ba shi da wuya. Sifa mai gaɓa ɗaya takan ɗauki wutsiya, "cheap" ta zama "cheaper". Mai gaɓa uku ko fiye "more" take so. Masu gaɓa biyu ne ke da gardama: waɗanda suka ƙare da "y" suna komawa "easier", "busier", "heavier", irin su "careful" da "useful" da "recent" kuma sai da "more", wasu kamar "polite" da "common" suna karɓar duka biyun. In ka yi kokwanto, buɗe ƙamus, yana cikin wayarka.

Akwai tagwaye biyu da baki ke ruɗa hannu a kansu. Da yake ba mu cika furta "t" ta ƙarshen kalma ba, "worse" da "worst" sun zama abu ɗaya a kunnenmu, sai ka ga an rubuta wa shugaban ƙaramar hukumar Chikun koke ana cewa "The road is now worst than before". "Worse" ce ke tafiya da "than". "Worst" ta wanda ya fi kowa lalacewa ce a cikin taro, kuma "the" take so a gabanta. Haka "than" da "then": ta farko ta gwadawa ce, ta biyu ta lokaci. Harafi ɗaya ne tsakaninsu, kuma manhajar da ke gyara rubutu a waya sau da yawa ba za ta tsayar da kai ba, tunda duka biyun kalmomi ne na gaske.

Sai wasu baƙi da Turanci ya aro daga Latin, "superior", "inferior", "senior", "junior", "prior". Tun daga gidansu suka zo da fifikonsu a jiki, kuma "to" suke bi. Wanda ya rubuta "more superior than" ya yi laifi biyu cikin kalma uku. Ma'aikacin da ke neman ƙarin girma ya rubuta "I am senior to him in the service", ya huta. "Prefer" ma "to" take so: "I prefer teaching to trading." In kana ƙaunar "than" sosai, to sauya ginin ka ce "I would rather teach than trade." Yayanka kuma "elder brother" ne, amma ba a cewa "elder than", sai "older than".

Duk waɗannan hadda ta ishe su, mako ɗaya ka gama da su. Wanda ya fi damuna shi ne kuskuren da ke fitowa da nahawunsa tsaf, ba harafin da ya ɓata, amma in ka tsaya ka dube shi sai ka ga babu hankali a ciki. Shi ne nake gani a kundin kammala digiri, da rahoton ofis, har da shafin farko na jarida.

Kwatance awo ne. Ku tuna tsohon sikeli mai faranti biyu: in ka ɗora tumatir a wannan farantin, abin da za ka ɗora a wancan dole ya zama abin da ake aunawa da nauyi, dutsen awo ko wani tumatir ɗin. Ba ka ɗora mai tumatir. To, ga jimlar da ɗalibai ke rubutawa kullum: "The population of Kano State is larger than Kaduna State." Alƙaluman gaskiya ne, ƙidayar 2006 ta ba Jihar Kano mutum miliyan 9.4, ta ba Jihar Kaduna miliyan 6.1. Amma duba me jimlar ta auna. A gefe ɗaya yawan mutane, a ɗaya gefen jiha sukutum, da ƙasarta da kogunanta da duwatsunta. Ta ce yawan mutanen Kano ya fi Jihar Kaduna girma, maganar da ba ta da kai.

Yanzu faɗi wannan jimlar da Hausa. "Yawan mutanen Jihar Kano ya fi na Jihar Kaduna." Kun ji wannan ɗan "na"? Babu mai jin Hausa da zai yar da shi, ko yaro ɗan shekara shida. Ba ma cewa "Motar Audu ta fi Bala tsada", domin mun san an sa wa Bala farashi ke nan, sai mu ce "ta fi ta Bala". Wannan "na" da "ta" su ne Turanci ke kira "that of", in jam'i ne kuma "those of". Gyaran ke nan: "larger than that of Kaduna State", ko a taƙaice "larger than Kaduna State's". Ana yawan ɗora wa Hausa laifin lalata mana Turanci. A wannan gaɓa Hausa ce ke da gaskiya, mu ne muke barin abin da muka sani a bakin ƙofar aji mu shiga hannu rabbana.

Ku gwada da abin da ke gabanku. Matatar man Kaduna, wadda kuke hango bututunta daga unguwa, an buɗe ta a 1980, kuma ƙarfin tacewarta ganga 110,000 ne a rana. Ta Warri 125,000. Ta Dangote da ke Lekki a Legas, wadda aka ƙaddamar a 2023, ganga 650,000. Cewa tamu ta shafe shekaru ba ta yin aikin da aka gina ta dominsa wata magana ce daban, ba ta nahawu ba. Ɗalibin injiniya zai rubuta "The capacity of the Dangote refinery is greater than Kaduna", ya auna ƙarfin tacewa da garin Kaduna. Abin da yake nufi shi ne "greater than that of the Kaduna refinery". Ko mai binciken kuɗin haya ya rubuta "Rents in Mahuta are lower than Barnawa." Ko gaskiya ce ko a'a, masu gidajen haya suka sani, amma jimlar dai ta auna kuɗi da unguwa. Za ka iya cewa "lower than those in Barnawa". Wanda ya fi daɗi a kunne kuwa shi ne ka juya ginin: "Rents are lower in Mahuta than in Barnawa." Ɗan "in" na biyun nan shi ne ya daidaita awon, wuri da wuri. "Like" da "unlike" ma suna da wannan tarko. "Unlike Lagos, the traffic in Kaduna is light" ta gwada birni da cunkoson motoci. Sai ka ce "Unlike Lagos, Kaduna has light traffic."

Akwai kuma inda Hausa ba za ta cece ka ba, gara in faɗa muku. Muna cewa "Jihar Neja ta fi kowace jiha faɗin ƙasa a Najeriya", kuma kowa ya gane ban da ita kanta. Turancin rubutu ba ya yin wannan afuwa. "Niger State is larger than any state in Nigeria" na nufin ta fi har da kanta, tunda ita ma jiha ce a Najeriya. Dole ka cire ta daga taron da kalma ɗaya, "any other state". Amma in abin da kake gwadawa ba ya cikin taron, kada ka sa "other". "Kano is larger than any city in Niger Republic" daidai take, don Kano ba a Jamhuriyar Nijar take ba. Haka "ya fi kowa" ke zama "than anyone else". Kuma in mutum biyu ne kacal suka nemi kujera, wanda ya fi shi ne "the better candidate", "the best" sai an kai uku. Shi kuma mai rubuta "one of the best student" ya tambayi kansa, ɗaya daga cikin mutum ɗaya? Da Hausa "ɗaya daga cikin ɗalibai" yake cewa, ba ya taɓa cewa "ɗaya daga cikin ɗalibi".

Magabata sun ce zuwa da kai ya fi aike. Ku lura da ginin karin maganar, "zuwa" da "aike" siffarsu ɗaya, shi ya sa take zama daram a baki. Turanci ma yana son abin da ke gaban "than" da na bayanta su zo da siffa ɗaya. "It is better to rent a shop than buying one" ta karkace, don ta fara da "to rent" ta ƙare da "buying". Ko dai "to rent" da "to buy", ko "renting" da "buying". Haka muke cewa "ya kai shi ko ya fi shi", kowane aikatau da nasa "shi". Mai rubuta "as good or better than" ya hana na farko haƙƙinsa, tunda "as good" da "as" take rufewa. Cikakkiyar ita ce "as good as, or better than". In ta yi maka nauyi, ka ce "at least as good as", magana ta ƙare.

Wani kuskuren har yana iya jawo wa bawan Allah masifa. A ce mai binciken kuɗi ya rubuta a rahotonsa: "The manager trusts the cashier more than the accountant." Me ya ce? Hausa tana da jimla biyu daban a nan. Ɗaya, manaja ya fi akanta yarda da kashiya. Biyu, manaja ya fi yarda da kashiya a kan akanta. Ta farko tana nuna akanta ne ke zargin kashiya, ta biyu tana nuna akanta ne abin zargi. Turancin ya haɗa su a jimla ɗaya, ya bar mai karatu ya zaɓi wadda ta yi masa, kuma mai karatun yana iya zama shugaban kwamitin ladabtarwa. Kalma ɗaya ko biyu ke raba gardamar: "more than the accountant does", ko "more than he trusts the accountant". Wannan dabara ta ƙarasa aikatau ita ce kuma maganin tsohuwar jayayyar "than me" da "than I". A hira kowa "than me" yake cewa, har a Landan. A takardar ofis ka ƙarasa, "than I am", "than I do", ba mai ja da kai.

Inda abin ya fi tsada shi ne wajen alƙaluma, don a nan kuskuren kwatance ƙarya yake haifarwa, ko da marubucin bai yi niyya ba. A 2019 mafi ƙarancin albashi ya zama naira 30,000, a 2024 aka mai da shi naira 70,000. Wanda ya rubuta "increased by N70,000" ya ce an ƙara dubu saba'in a kan dubu talatin, ya ba ma'aikaci dubu ɗari da ba ta taɓa shiga aljihunsa ba. "To" tana nuna inda aka tsaya, "by" tana nuna yawan abin da aka ƙara. Ko dai "increased to N70,000", ko "increased by N40,000". A watan Fabrairun 2020 harajin VAT ya tashi daga kashi 5 cikin ɗari zuwa kashi 7.5. Mutane da yawa sun rubuta "increased by 2.5 per cent". Yi lissafin da kanka: kashi 2.5 cikin ɗari na 5 shi ne 0.125, da harajin ya tsaya a 5.125 ke nan. Abin da ya faru shi ne ƙarin "2.5 percentage points", wanda in ka auna shi da inda aka taso, ƙarin rabi ne cur, wato kashi 50 cikin ɗari. Ɗalibin tattalin arziki a KASU ko ABU Zariya da bai bambance waɗannan biyun ba zai sha ja da jan biro, kuma ya cancanta.

Ninki ma yana da nasa rikicin. Matatar Dangote ta kusa ninka ta Kaduna sau shida. In ka rubuta "six times more than", wani zai lissafa 660,000, wani ya ce ai ƙari ne sau shida a kan na asali, ya lissafa 770,000. Ka rufe ƙofar da "nearly six times that of" ko "six times as large as". Amma "six times less" kam ku bar ta gaba ɗaya. Abu in ka rage shi sau ɗaya na kansa ai ya ƙare, ina za a samo sau shida? "About one sixth of" ake cewa.

"Fewer" da "less" ba su kai waɗannan haɗari ba, amma masu duba jarrabawa suna son su. Abin da ake ƙirgawa ɗaya-ɗaya "fewer" ne, "fewer students", "fewer buses". Abin da ake aunawa "less" ne, "less water", "less fuel". Kuɗi da lokaci da nisa suna bin "less" ko da lamba a gabansu, "less than N5,000", "less than ten kilometres". Wannan ƙa'ida ma ba daga sama ta sauko ba. Wani marubuci mai suna Robert Baker ne ya faɗe ta a 1770 a matsayin abin da ya fi masa daɗi, malamai suka ɗauka suka mai da ita doka. Turawan kansu suna karya ta kullum, har sai da kantunan Tesco na Ingila suka fara sauya allunansu na wajen biyan kuɗi a 2008 saboda masu ƙorafi a kan "less". Ku dai ku bi ta a rubutu, ba ta cin kuɗi.

Sai kwatancen da ba shi da abokin gwadawa, kuma a takardun neman aiki ya fi yawa. "I am more hardworking and more reliable." Fiye da wa? Wannan salon 'yan talla ne. Kamfanin sadarwa zai rubuta "faster" a allo a kan titin Kachia, da gangan ya ƙi faɗin wanda ya fi, don kada a kama shi da magana. Kai kuwa ba talla kake yi ba. In ba ka da wanda za ka ambata, cire "more" ka ce "I am hardworking", sannan ka kawo shaida, aikin da ka yi da inda ka yi shi. Mai ɗaukar ma'aikata ya fi gaskata layi ɗaya na shaida a kan sifa goma.

Ga wata jimla da na ga irinta a takardar tallar makaranta, ta tara laifi uku wuri ɗaya: "Our fees are cheaper compared to other schools." Na farko, kaya ne ke zama "cheap", farashi da kuɗin makaranta "low" ko "high" suke zama. Na biyu, "cheaper" da "compared to" aiki ɗaya suke yi, ɗaya ta isa. Na uku, an auna kuɗin makaranta da makarantu. Gyararriyar ta fi gajarta: "Our fees are lower than those of other schools." Sau da yawa haka abin yake. "Compared to", "comparatively", "in comparison with", "relatively", duk ana jibga su ne don jimla ta yi kama da ta manyan ma'aikata, alhali "than" guda ɗaya ta gama aikin. Turancin ofis mai kyau ba shi ne mai nauyi ba.

Na san abin da wasunku za su ce: ai muna da namu Turancin, na Najeriya, me ya sa za mu ci gaba da bautar na Ingila? Akwai gaskiya a ciki. A watan Janairun 2020 babban ƙamus na Oxford ya shigar da kalmomi 29 na Turancin Najeriya, cikinsu akwai "okada" da "danfo" da "next tomorrow", har da "Kannywood" tamu. Masana sun daɗe suna nazarin wannan Turanci da mutuntawa. David Jowitt, Baturen da ya koyar a Jami'ar Bayero ta Kano, ya fitar da littafi a kansa tun 1991, Farooq Kperogi kuma ya shafe shekaru yana rubuta shafin nahawu a jaridun Trust. Ni ina tare da masu cewa abin da muke da shi su ba su da shi, mu ke da ikon raɗa masa suna. Amma wannan hujja ba ta rufe jimlar da ta auna yawan mutane da jiha, ko ta mai da ƙarin kashi 50 ya koma 2.5. Irin wannan ba Turancin Najeriya ba ne, domin in ka mai da shi Hausa ko buroka ma shirme ne. Sannan takardarka ba a Mahuta za ta tsaya ba. Za ta iya faɗawa hannun mai tantance masu neman tallafin karatu a wata ƙasa, wanda ba zai taɓa jin muryarka ba balle ka yi masa bayanin abin da kake nufi.

Masu shirin jarrabawar kammala sakandare su san lissafin da ke jiransu. A tsarin da WAEC ta daɗe tana bi, insha'i na kalmomi 450 yana da maki 50: goma na abin da ka faɗa, goma na tsari, ashirin na iya sarrafa harshe, goma na tsabtar nahawu da rubutu. A wannan goman na ƙarshe rabin maki ake cirewa a kan kowane kuskure, kuskure ashirin sun share shi tas. "More better" ɗaya, "worst than" ɗaya, "prefer than" ɗaya, ka ga maki ɗaya da rabi ya tafi a kan abin da za ka iya gyarawa cikin minti biyu. Kuma kun sani, in babu kiredit a Turanci, ƙofar jami'a a rufe take komai yawan makinka na JAMB.

Abin da nake so ku mayar al'ada shi ne karatu na musamman bayan kun gama rubutu, wanda ba ku neman komai a cikinsa sai kwatance. Ka bi takardar da biro, duk inda ka ga "than", "more", "less", "as", "like" ko sifa mai wutsiyar "-er", ka ja layi. A kowane layi ka tambayi kanka, me nake aunawa da me? Ka nuna su biyun da yatsa a kan takarda. In ɗaya ya ɓace, nemo shi. In ba jinsi ɗaya ba ne, daidaita su. In ka rikice, faɗi jimlar da Hausa a bayyane, ka saurara ko bakinka zai sako "na" ko "ta" da hannunka ya manta. Kada ku dogara da manhajar gyaran rubutu a kan wannan. Za ta kama muku "more better", amma ba ta san ko dubu saba'in kuke nufi ko dubu ɗari ba.

Ke da ke rubuta kundin difloma a Kaduna Polytechnic, da kai da ke shirin WAEC a bana, ku ɗauko takarda ta ƙarshe da kuka rubuta da Turanci, yau ɗin nan, ku yi mata wannan karatun kafin ku miƙa ta gaba. In kun gama da taku, ku karɓi ta ƙannenku ku nuna musu. Allah ya ba ku sa'a.